Hoto Da Takarda A Saƙon I-mel: A San Su Kafin A Buɗe

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, a gabashin jihar Sakkwato, takardun da a da ake jiransu a gidan waya ko a hannun direban mota, yanzu da yawansu ta intanet suke isowa.

Takardar samun gurbin karatu a jami'a, da takardar kira zuwa hidimar ƙasa, da gayyatar ganawa ga mai neman aiki, da hotunan da ma'aikacin ƙaramar hukuma zai tura Sakkwato ko Abuja, duk sun koma fayil, wato bayanan da ake ajiyewa da suna guda a cikin kwamfuta ko waya.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibin ƙasar Rimawa, kamar takwaransa na Legas, sai ya sauko da takardunsa daga intanet sannan ya buga su.

Sai dai mutane da dama kan gamu da ɗayan matsaloli biyu. Ko dai fayil ya ƙi buɗuwa a daidai lokacin da ake matuƙar bukatarsa, ko kuma ya buɗu ya zo da ɓarna.

Duka biyun tushensu ɗaya ne: rashin sanin irin fayil ɗin da ke gaban mutum kafin ya danna shi.

Yadda hoto ya shiga cikin wasiƙa

A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙon i-mel na farko daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ da ake gani a cikin kowane adireshi.

An tsara hanyar ne domin ɗaukar rubutu zalla, haruffan Turanci da lambobi. Babu hoto, babu murya, babu haruffan Larabci, balle ƙ da ɗ da ɓ na Hausa.

An daɗe ana 'yan dabaru na cusa fayil a cikin saƙo, amma sai a 1992, shekarar da aka ƙaddamar da madatsar ruwa ta Goronyo, aka samu tsarin da ya karɓu a ko'ina. Sunansa MIME, kuma Nathaniel Borenstein da Ned Freed ne suka tsara shi. A ranar 11 ga watan Maris na shekarar, Borenstein ya gwada tsarin ta hanyar aika hoto da muryar wata ƙungiyar mawaƙa da yake ciki.

Ga yadda abin ke aiki. Kwamfutar mai aikawa takan juya hoton ya koma dogon jerin haruffa da lambobi, ta rubuta irin abin da yake, sannan ta maƙala shi a jikin saƙon. Kwamfutar mai karɓa kuma ta sake mayar da jerin ya koma hoto.

Wannan juyi kan ƙara wa fayil nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hoto mai nauyin megabait 3 kan zama kamar megabait 4 a kan hanya.

Saboda haka saƙon daban, abin da aka maƙala masa daban, tamkar wasiƙa da ƙunshin da aka haɗo ta da shi. Karanta wasiƙar bai cika jawo matsala ba. Kwance ƙunshin ne ke bukatar lura.

Wutsiyar suna

Kowane fayil yana da suna mai gaɓa biyu, da ɗigo a tsakani. Idan aka ga "gonar-albasa.jpg", gaɓar farko sunan da mutum ya raɗa ne, ta biyu kuwa, wato haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigon ƙarshe, ita ce wutsiyar sunan.

Da wannan wutsiya ce kwamfuta mai amfani da Windows ke gane manhajar da za ta kira domin buɗe fayil ɗin. Ga waɗanda aka fi gamuwa da su:

JPG ko JPEG: Ya fito a 1992, kuma shi ne mafi yawan hotunan da kyamara da waya ke ɗauka. Yana rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wasu ƙananan bayanai da ido ba ya saurin lura da su. Duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa, kyawunsa kan ɗan ragu.

PNG: Ya fito a 1996. Ba ya zubar da komai, don haka ya fi dacewa da tambari da zane da hoton abin da ke kan allon kwamfuta.

GIF: Kamfanin CompuServe ne ya fito da shi a 1987. Launuka 256 kawai yake ɗauka, kuma an fi saninsa da 'yan gajerun hotuna masu motsi.

TIFF: Ya fito a 1986. Yana da nauyi sosai, amma yana iya riƙe hoto ba tare da an rage masa komai ba.

WebP da HEIC: Na farkon Google ne ya fito da shi a 2010 domin shafukan intanet. Na biyun kuwa shi ne wayoyin iPhone suka koma ajiye hoto da shi tun 2017.

PDF: Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. Yana riƙe takarda yadda aka tsara ta, da rubutu da hoto da tambari, shi ya sa hukumomi suka fi son sa.

DOC da DOCX, XLS da XLSX: Takardun Word da na lissafi na Excel. Masu harafin X a ƙarshe sun zo ne tare da Office 2007.

ZIP: Ya fito a 1989. Shi ba hoto ba ne, ba takarda ba ne. Buhu ne da ake zuba fayiloli da yawa a ciki a matse, kuma sai an kwance shi ake sanin abin da ke ciki.

Akwai kuma wani rukuni da ya sha bamban da duk waɗannan: EXE da SCR da VBS da JS da BAT. Waɗannan ba abin kallo ko karantawa ba ne. Umarni ne ga kwamfuta, da zarar an danna su sai ta fara aiwatarwa.

Matsalar ita ce Windows kan ɓoye wutsiyar suna idan ba a ce ta nuna ba. A Windows 10, ana buɗe File Explorer, a shiga View, a sa alama a kan "File name extensions". A Windows 11 kuwa, bayan View sai a shiga Show kafin a ga wannan zaɓin. Aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma kusan duk shawarar da ke tafe ta dogara ne a kansa.

Matakan buɗewa

Saƙon da ke ɗauke da fayil kan zo da wata 'yar alama mai kama da ƙarfen maƙale takardu. Idan aka buɗe saƙon za a ga sunan fayil ɗin da nauyinsa, galibi a ƙasan rubutun.

Matakin farko shi ne duba wanda ya aiko da kuma wutsiyar sunan.

Na biyu shi ne leƙawa ba tare da an sauke ba. Gmail da Yahoo da Outlook duk suna nuna hoto ko PDF a cikin shafinsu idan aka danna shi sau ɗaya. Wannan ya fi sauƙin haɗari, kuma sau da yawa ya wadatar.

Na uku shi ne saukewa, idan ana bukatar bugawa ko ajiyewa. Fayil ɗin kan faɗa cikin jakar da ake kira Downloads, sai dai idan an zaɓi wani wurin.

Na huɗu shi ne buɗewa. Idan aka danna hoto sau biyu a jere, manhajar Photos za ta nuna shi, inda za a iya ƙara girmansa ko juya shi. PDF kuwa ko Chrome ko Edge ko Firefox na iya buɗe shi, ba lallai sai an sa wata manhaja ta daban ba.

Idan kwamfuta ta kira manhajar da ba ita ake so ba, sai a danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta a kan fayil ɗin, a zaɓi "Open with", sannan a nuna wadda ake so.

Idan ya ƙi buɗuwa

Dalilan da ke hana fayil buɗuwa ba su da yawa, kuma galibinsu suna da magani.

Na farko shi ne yankewar sadarwa ana tsakiyar saukewa, abin da ba baƙo ba ne a karkara. Alamarsa ita ce hoto ya fito rabi, sauran ya zama toka-toka, ko kwamfuta ta ce fayil ɗin ya lalace. A gwada nauyin wanda aka sauke da nauyin da aka rubuta a cikin saƙon. Idan sun bambanta sosai, a sake saukewa.

Na biyu shi ne tsohuwar kwamfuta da sabon nau'in fayil. Hoton HEIC da ɗan'uwa ya turo daga iPhone ba zai buɗu a kwamfutoci da dama ba sai an ƙara musu wata 'yar manhaja daga shagon Microsoft. Abin da ya fi sauƙi shi ne a roƙi mai aikawa ya turo shi a matsayin JPG. Haka nan Word na kafin 2007 ba ya gane DOCX da kansa.

Wasu kan goge wutsiyar su rubuta wata, suna zaton sun sauya nau'in fayil ɗin. Hakan bai sauya abin da ke ciki ba, kamar yadda rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero bai mayar da shi shinkafa ba. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe hoton a manhajar da ta gane shi, kamar Paint, a zaɓi "Save as", a nuna sabon nau'in.

Na uku ya shafi masu rubutun Hausa da Larabci da Ajami. Takardar Word kan buɗu, amma a ga 'yan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, ko rubutun Larabci ya hargitse. Dalili shi ne kwamfutar mai karɓa ba ta da salon haruffan da mai aikawa ya yi amfani da shi. Idan aka mayar da takardar PDF kafin a aika, salon haruffan kan tafi tare da ita.

Nauyin hoto da ƙarfin sadarwa

A watan Satumbar 2010, bayan ruwan sama mai yawa, an buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Goronyo. Ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a gaɓar kogin Rima, har ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A irin wannan hali, hoto na daga cikin shaidun da ake haɗawa da rahoto idan za a nemi agaji daga gwamnatin jiha ko daga hukumar NEMA. Amma aika hotunan na da iyaka.

Gmail ba ya barin a maƙala abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda. Hoto ɗaya na wayar zamani kan kai megabait 3 zuwa 5, don haka hotuna goma na iya wuce iyakar. Idan hakan ta faru, Gmail kan ɗora su a ma'ajiyarsa ta Drive ya aika adireshin wurin kawai, kuma mai karɓa ba zai gan su ba sai an ba shi izini.

Mafita ita ce rage girman hotunan kafin aikawa. Photos da Paint duk suna da wurin yin haka. Hoton da za a kalla a allo ko a sa cikin rahoto ba ya bukatar cikakken nauyinsa. Sai dai a riƙa rage kwafi, a bar na asali yadda yake.

Akwai kuma inda rage nauyi asara ne. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, na cikin yankin da ya gaji rubuce-rubucen malaman jihadi, irin waɗanda ake adanawa a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Mai ɗaukar hoton tsohon littafi domin adanawa ya fi kyau ya ajiye na asali a matsayin TIFF, kamar yadda shirin ceto tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka kafa a 2004, ke bukata daga masu aiki da shi. Kwafin JPG shi ne na aikawa.

Wani darasin kuma shi ne kada a bar muhimmiyar takarda a cikin akwatin i-mel kaɗai. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan lokaci, wanda ya riga ya sauke takardarsa ya buga, ko ya ajiye ta a filashi, shi ke da ita a hannu.

Kura da fatar akuya

A ranar 4 ga watan Mayun 2000, wani saƙo ya taso daga birnin Manila na ƙasar Filifins da taken ILOVEYOU. An maƙala masa fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs.

Da yake Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, abin da mutane suka gani shi ne TXT, wato takardar rubutu da ba ta cutarwa. Duk wanda ya danna, sai ƙwayar cutar ta aika kanta ga dukkan adireshin da ke cikin kwamfutarsa, ta kuma lalata fayiloli, ciki har da hotunan JPG.

Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci, har majalisar dokokin Birtaniya ta rufe hanyar i-mel ɗinta na wani lokaci. Ɗalibin da ya ƙirƙire ta, Onel de Guzman, bai fuskanci hukunci ba saboda a lokacin ƙasarsa ba ta da dokar da ta haramta hakan. Sai a 2020 aka bayyana cewa ya amsa wa wani ɗan jarida cewa shi ne.

A watan Fabrairun 2001 aka maimaita dabarar, wannan karon da sunan hoto. Fayil ɗin AnnaKournikova.jpg.vbs ya yi wa mutane alkawarin hoton shahararriyar 'yar wasan tanis ta Rasha. Babu wani hoto a ciki. Matashin ƙasar Holand da ya sake shi, Jan de Wit, kotu ta yanke masa aikin yi wa jama'a hidima na sa'o'i 150.

Ka'idar da ta fito daga waɗannan ita ce: wutsiyar ƙarshe ita ce ta gaskiya. Fayil mai suna "sakamako.pdf.exe" ba PDF ba ne.

Har ma akwai masu amfani da wata ɓoyayyar alama da aka tanada domin rubutu daga dama zuwa hagu, irin na Larabci, su juya ƙarshen suna ta yadda EXE zai faɗo tsakiya, JPG ya bayyana a ƙarshe. Idan ana shakka, a danna ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Properties, nan kwamfuta za ta faɗi ainihin nau'in fayil ɗin.

Gmail na hana aika EXE da makamantansa. Wannan ya sa masu kutse suka koma ɓoye su a cikin ZIP mai kalmar sirri, wanda na'urorin bincike ba sa iya leƙawa, ko a cikin takardar Word da Excel da ke neman a danna "Enable Content". Wannan maɓalli yana ba wa wasu umarni da ke ɓoye cikin takardar damar yin aiki. A 2022 Microsoft ya fara toshe irin waɗannan umarni a takardun da suka fito daga intanet, amma tsofaffin manhajojin Office ba su samu wannan kariya ba.

Ba a ƙasashen waje kaɗai ba

A watan Nuwambar 2020 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sanar da kama mutum uku a Legas, tare da haɗin gwiwar 'yan sandan Najeriya. An zarge su da aika saƙonni masu kama da takardun odar kaya da na tallafin annobar korona, ɗauke da manhajojin satar bayanai. Hukumar ta ce an gano kimanin mutane da kamfanoni 50,000 da aka kai wa hari.

Irin waɗannan manhajoji ba sa nuna wata alama. Kwamfuta na ci gaba da aiki, su kuma suna kwashe kalmomin sirri da abin da ake bugawa a kan madannai, suna aika wa mai su.

Najeriya ta kafa dokar hukunta laifukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024, kuma hukumar EFCC da 'yan sanda na karɓar ƙorafi. Amma dawo da kuɗin da aka kwashe ya fi hana kwashe su wuya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Duba hatimi

A zamanin Daular Usmaniyya, wasiƙun sarakuna kan ɗauki hatimi, kuma da shi ake bambance ta gaskiya da ta jabu. A saƙon i-mel, abin da ya fi kusa da hatimi shi ne cikakken adireshin mai aikawa, ba sunan da ke fitowa a sama ba, domin shi wannan kowa na iya rubuta wanda ya ga dama.

Adireshin hukumomin gwamnatin Najeriya kan ƙare da gov.ng, na jami'o'i kuma da edu.ng. Saƙon da ya ce daga wata ma'aikata yake alhali adireshinsa na Gmail ko Yahoo ne, abin tuhuma ne.

Ko adireshin ya yi daidai, da sauran tambayoyi. Shin ana jiran wannan takarda? Mutumin da bai nemi aiki ba, me zai sa a turo masa takardar ɗauka? Shin saƙon na matsa lamba a buɗe yanzu-yanzu, ko a rasa wata dama? Shin takardar da aka buɗe tana neman a rubuta kalmar sirri ko lambar BVN kafin a ga sauran?

Saƙo daga aboki ma ba hujja ba ne, domin kamar yadda aka gani a 2000, ƙwayar cutar da sunan aboki take yawo. Kiran waya na minti ɗaya ya isa ya warware shakka.

Shi kansa hoto na gaskiya ba a cika samun matsala da shi ba, amma takan faru. A watan Satumbar 2004 Microsoft ya toshe wata kafa da ke ba da damar kutse ta hanyar hoton JPG, a watan Satumbar 2023 kuma aka toshe makamanciyarta a WebP. Maganin irin wannan shi ne sabunta manhaja. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a watan Oktoban 2025. Mai sayen kwamfuta ta hannu ya kamata ya duba wacce aka sa mata.

Abin da hoto ke faɗa a ɓoye

Hoton da waya ta ɗauka kan ƙunshi bayanan da ba a gani a fuskarsa: rana da lokacin ɗauka, da irin wayar, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya, idan an kunna na'urar nuna wuri.

A watan Disambar 2012, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin rigakafin ƙwayar cutar kwamfuta mai ɗauke da sunansa, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize. Wata mujalla ta wallafa hotonsa ba tare da goge waɗannan bayanai ba, nan take aka gane yana Guatemala.

Hoton da aka maƙala a i-mel kan tafi da bayanansa cif. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai aika hoton gida ko gona ko garke ga wanda bai sani ba. A Windows, idan aka shiga Properties sannan Details, za a ga bayanan, kuma a ƙasa akwai wurin goge su.

A ɗaya ɓangaren kuma, bayanan na da amfani ga mai son tabbatar da lokacin da aka ɗauki hoton ɓarnar ambaliya ko na aikin kwangila, ko da yake ana iya sauya su, don haka ba su isa hujja su kaɗai ba.

A shagon kwamfuta

Da yawa daga cikin masu buɗe irin waɗannan takardu ba da kwamfutarsu suke yi ba. A shagon buga takardu suke yi, inda mutane da dama ke amfani da na'ura guda a yini.

Duk abin da aka sauke a can yana nan a jakar Downloads bayan mai shi ya tafi: hoton fasfo, da sakamakon jarrabawa, da takardar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, wadda JAMB ta wajabta wa masu rajista tun 2021. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da mai son yin sojan gona da sunan wani ke nema.

Kafin a tashi, a goge abin da aka sauke, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar, domin fayil ɗin da aka goge can yake komawa. A fita daga akwatin i-mel gaba ɗaya, rufe shafin kawai bai wadatar ba. Idan kwamfutar ta nemi ta adana kalmar sirri, a ƙi.

Filashin da ya shiga kwamfutar shago kuwa, a bincike shi da manhajar rigakafi kafin a sa shi a ta gida ko ta ofis. Windows 10 da 11 na zuwa da tasu manhajar mai suna Defender, ba sai an saya ba.

Ga wanda ya riga ya danna abin da bai kamata ba, matakin farko shi ne katse kwamfutar daga intanet, sannan a bincike ta da manhajar rigakafi. Daga nan sai a sauya kalmomin sirri ta wata na'urar daban, a fara da na i-mel, domin ta nan ake sake saita sauran. Idan an taɓa shiga asusun banki da kwamfutar, a sanar da bankin ba tare da ɓata lokaci ba.